Yadda Ake Buɗe Ƙwaƙwalwar Tunkiya a Karanci Sassanta

A yawancin makarantunmu na Garwa da Marwa da Kusiri, darasin ƙwaƙwalwa a kan allo yake farawa, a kan allo yake ƙarewa. Malam ya zana, yara su kwafa, su haddace sunaye da Faransanci, ranar jarrabawa su juye a takarda, bayan mako biyu babu abin da ya rage musu. Alhali abin da ake zanawar yana nan a mayanka kowace safiya, ana sayar da shi haɗe da ƙafafu don farfesu. Ƙwaƙwalwar tunkiya tana ɗauke da kusan duk manyan sassan da ke cikin ta ɗan Adam, jerinsu ɗaya, bambancin yana wajen girma da yadda suke kwance. Shi ya sa jami'o'i da yawa a duniya da ita suke fara koya wa ɗalibai wannan fanni. Gani ya kori ji.

Wannan bayani na malamin kimiyya ne, da ɗalibin kiwon dabbobi, da duk makiyayin da ke son sanin abin da ke cikin kan dabbarsa. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko, domin shi zai yi maka jagora a kowane mataki: sashen da dabba ta fi dogara da shi wajen neman abinci da tsira da rai, shi ne za ka tarar ya bunƙasa a ƙwaƙwalwarta in aka gwada da na wasu dabbobi. In ka iya duba girman sassa, za ka iya faɗin yadda dabbar ke rayuwa ko da ba ka taɓa ganinta a raye ba.

Samun kan da ya dace

Ka je mayanka da sassafe, kafin a fara babbaka. In ka samu hali ka yi magana da mahauci tun jiya. Ka gaishe shi, ka ce, "Baba, kan tunkiya nake so don koya wa yara karatu. Don Allah kada a babbake, kada a sa masa gatari, a bar mini gaɓa ɗaya ko biyu na ƙashin wuya a jikinsa." Wannan roƙo na ƙarshe yana da dalili. Mahauta sukan raba kai da wuya daidai gindin ƙeya, wuƙar kuma takan tafi da ƙarshen ƙwaƙwalwa, wurin da take haɗuwa da laka. In an bar gaɓar wuya, za ka samu mahaɗar cikakkiya.

Ka zaɓi tunkiya marar ƙaho, ko ɗan rago da ƙahonsa bai yi ƙwari ba. Babban rago irin na layya yana da kyan gani, amma ƙashin goshinsa ya yi kauri, gindin ƙaho kuma zai tare maka hanyar zarto. Kan akuya ma yana yi. In da hali ka sayi biyu, domin na farko yakan ɗan ji rauni a hannun mai koyo, ga shi kuma za ka buƙaci ɗaya don tsagawa a tsaye, ɗaya don yankawa a gicciye.

Akwai sharaɗin da ba a sassauta shi: kan dabbar da aka yanka lafiyayya don ci, wadda ma'aikacin dabbobi ya duba, shi kaɗai ake taɓawa. Kada ka buɗe kan mushe. Kada ka buɗe kan dabbar da aka yanka saboda ta fara dalalar da miyau, ko cizo, ko faɗuwa, ko wadda kare ya ciza. Ƙwayar cutar haukan kare a ƙwaƙwalwa take taruwa, tana shiga mutum ta ɗan rauni a hannu ko ta ido, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tashi. Irin wannan kai na ma'aikatan dabbobi ne, su za su kai shi wurin gwaji, kamar LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa, ko cibiyar Farsha a Njamena.

Daga mayanka ka sa kan cikin leda, ka binne shi a ƙanƙara cikin kula. A zafin Maris da Afrilu, awoyi kaɗan sun isa ƙwaƙwalwa ta fara narkewa cikin ƙoƙonta. In ka ajiye kan a firiza awa ɗaya zuwa biyu kafin buɗewa, za ta ɗan kama jikinta, ta fi sauƙin cirewa. Kada dai ka bari ta daskare gaba ɗaya.

Kayan aikin duk suna kasuwa: zarton yanka ƙarfe da sabon ruwa, wuƙa mai kaifi, doguwar wuƙa siririya, sabuwar reza, almakashi, hantsaki, babban sukundireba mai faɗin baki, ƙaramar guduma, cokalin shayi, faranti mai faɗi, roba mai murfi, safar hannu ga duk wanda zai taɓa, da tabarau ko wani abin kare ido ga mai zarto. In akwai ƙaramin sikeli a ɗauko shi.

Buɗe ƙoƙon kai

Wannan aikin malami ne, ka yi shi kafin yara su shigo, ko su tsaya nesa suna kallo. Fara da feɗe fata daga tsakanin idanu har ƙeya, ka janye ta gefe da gefe, ka yanke kunnuwa. Ka kankare naman da ke gefen kai da na ƙeya har ƙashi ya fito fari. Kada ka yi gaggawa a nan, zarto ba ya tafiya daidai a kan nama. In ka bar gaɓar wuya, ka raba ta yanzu da hankali, kana kiyaye farar lakar da ke ratsa tsakiyarta. Za ka ga babban ramin ƙeya inda lakar ke shiga kai.

Tsaga uku za ka yi. Na farko a gicciye, daga gefe zuwa gefe, kaɗan a bayan kwarmin idanu. Na biyu da na uku daga kowane ƙarshen wannan tsaga su gangara baya har su faɗa saman ramin ƙeya, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. A waɗannan biyun ka ɗan karkatar da zarton zuwa ciki. Wani ya riƙe maka kan da tsumma a kan tebur mai ƙarfi. Ka ja zarto a hankali kana sauraro: muddin yana cikin ƙashi ƙararsa busasshiya ce, da ya kusa ratsawa sai ta yi laushi, hannunka ma ya ji sauƙi. Nan za ka tsaya, ka matsa gaba.

A wajen goshi zarto zai faɗa wani rami, ka ɗauka ka iso. Ba ka iso ba tukuna. Kogon iska ne da ke haɗe da hanci, ƙarƙashinsa akwai wani bangon ƙashi na biyu. A cikin wannan kogo wani lokaci za ka tarar da farar tsutsa mai kauri, tsawonta ya kai santimita 2 zuwa 3. Ɗiyar wani ƙuda ce da ke zuba 'ya'yansa a hancin tumaki, ita ce ke sa su yawan atishawa da majina da kaɗa kai. Ka ajiye ta a gefe, ka nuna wa yara, musamman 'ya'yan masu kiwo.

Da tsagogin uku sun haɗu, sa bakin sukundireba a na gaba, ka buga da guduma kaɗan, ka murɗa. Murfin zai ɗaga da ƙara. Abin da za ka fara gani wata farar fata ce mai tauri, ba ta yagewa da yatsa. Ita ce ta waje cikin tantani uku da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa. Ɗaga ta da hantsaki, ka yanka da almakashi daga gaba zuwa baya. Za ka lura ta nutsa ciki a wuri biyu: tsakanin ɓangaren dama da hagu, da kuma tsakanin babbar ƙwaƙwalwa da ƙarama ta baya. Dole ka yanke waɗannan biyun ka zare su, in ba haka ba su za su yaga maka ƙwaƙwalwar wajen fitarwa. Sauran tantani biyun sirara ne, suna manne da ita, su ne ke ɗauke da jijiyoyin jinin da kake gani ja-ja a samanta. Waɗannan tantani su ne ke kumbura a ciwon sanƙarau da muka sani a lokacin zafi.

Yanzu ka ɗaga hancin dabbar sama, ƙeya ƙasa, tafin hannunka ɗaya yana tare da ƙwaƙwalwar ta baya. Da bayan cokalin shayi ka zura can gaba, wajen hanci, ka kwakulo 'yan ƙullutai biyu masu laushi da ke maƙale a wurin. Su ne na jin ƙanshi, su ne kuma suka fi saurin tsinkewa, don haka ka ba su lokacinsu. Daga nan nauyinta zai riƙa janyo ta baya, kai kuma kana bin ƙarƙashinta da almakashi kana yanke fararen igiyoyin da ke riƙe da ita, biyu-biyu, kusa da ƙashi yadda za su fito da ɗan tsawo. A ƙarshe za ta sauka a hannunka. Ɗora ta a sikeli: ta babbar tunkiya tana kai wajen giram 140. Ta saniya wajen giram 450, ta mutum giram 1,300 zuwa 1,400, ta giwa kuwa kusan kilo 5.

Kada ka jefar da ƙoƙon tukuna

Mutane da yawa da sun cire ƙwaƙwalwa sai su ture ƙoƙon gefe, alhali a ganina abin da ya fi dacewa da ɗan Sahel ya gani yana nan a ƙasansa. Duba tsakiyar daɓen ƙoƙon. Akwai ɗan rami da farar fatar nan ta rufe, da ɗan tsinken da ka yanke a samansa. Tsaga fatar da reza, za ka ga wani ɗan ƙullutu da bai wuce santimita ɗaya da 'yan kai ba. Shi ne fituwitari, wanda ke sakin sinadaran da ke tafiyar da girma da haihuwa da zubar nono.

Sai ka ƙara tsagawa dama da hagunsa. A kowane gefe akwai wani dunƙule na sirara-siraran jijiyoyin jini, sun sarƙe da juna, jajaye. Babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce ta rarrabu ta zama wannan raga, sannan ta sake haɗewa kafin ta shiga. Ragar kuma tana kwance ne cikin wani tafkin jini da ke dawowa daga hanci. In tunkiya tana haki da tsakar rana, danshin cikin hancinta yana bushewa, jinin wurin ya yi sanyi, ya gangaro ya kewaye ragar, ya ɗebe zafin jinin da ke hawa sama. Ta haka ƙwaƙwalwa ke samun jinin da ya fi na sauran jiki sanyi. Mary Ann Baker da James Hayward ne suka nuna wannan a jikin tumaki a 1968. A 1972 aka auna wata barewar Gabashin Afirka tana gudu, aka tarar ƙwaƙwalwarta ta fi jinin wuyanta sanyi da kusan digiri 3. Binciken baya-bayan nan ya ƙara nuna cewa wannan dabara tana taimaka wa dabba ta tattala ruwan jikinta, domin sashen da ke auna zafi yana cikin ƙwaƙwalwa, in ya ji sanyi sai ya rage umarnin haki da gumi. Tumaki da awaki da shanu da raƙuma suna da wannan raga. Doki da jaki da mutum ba su da ita. Yaron da ya ga tumaki sun taru sun sunkuyar da kai suna haki a zafin Kusiri da ya haura digiri 40, in ka nuna masa wannan, ba zai ƙara kallonsu kamar da ba.

Ragar tana da tarihi a ilimin likitanci. Jalinus, likitan da aka haifa a shekara ta 129 a Fargamon, cikin Turkiyya ta yau, dabbobi yake feɗewa, ya ga ragar a kawunansu, ya rubuta cewa mutum ma yana da ita. Likitoci suka yi ta maimaita maganarsa fiye da shekara 1,300. A 1543 likita Andreas Vesalius ya rubuta cewa babu ita a kan mutum, ya kuma faɗi cewa shi kansa a da yakan ajiye kan ɗan rago ko na sa a gefe don ya nuna wa 'yan kallo ita. Ka gaya wa ɗalibanka wannan, su san tunkiya tana koya mana abubuwa da yawa game da mutum, amma ba kome ba.

Sa ta ta yi tauri

Ɗanyar ƙwaƙwalwa ba ta yankuwa, wuƙa dagargaza ta take yi. Ana so ta kama jiki kamar awara kafin a tsaga. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauraye ta da ruwa mai ɗan gishiri, a sa a roba, a ajiye a firiza kamar awa ɗaya, a yanka tun tana da sanyi. Wannan na darasin rana ɗaya ne. In kana son ajiye ta, nutsa ta cikin alkol na kantin magani mai digiri 70 ko sama, ka canza shi bayan kwana biyu, ka bar ta mako guda. Za ta ɗan tsuke, ta yi fari, amma sassan suna nan. Makarantar da ke da formol, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, a haɗa kashi 1 na formol da kashi 9 na ruwa, a jiƙa ta mako ɗaya zuwa biyu, da ɗan auduga a ƙasan robar don kada gefe ɗaya ya baje. Formol guba ne, tururinsa yana cin ido da huhu. A haɗa shi a waje, a rufe robar, a rubuta gargaɗi a jikinta, kafin darasi kuma a jiƙa ƙwaƙwalwar cikin ruwa zalla na kwana guda ana canza ruwan.

Dubawa daga waje

Ajiye ta a faranti yadda take zaune a kai. Mafi girman abin da ke gabanka babbar ƙwaƙwalwa ce, ɓangare biyu da zurfin tsaga a tsakani, samanta duk lanƙwasa da kwari. Wannan naɗewar dabara ce ta cusa shimfiɗa mai faɗi cikin ƙaramin ƙoƙo. A wannan shimfiɗar ake fassara abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, daga nan ake ba gaɓoɓi umarnin motsi, ɓangaren dama yana kula da hagun jiki, na hagu yana kula da dama. Kada kowa ya raina ta tunkiya. A 2001 Keith Kendrick da abokan aikinsa a Ingila sun nuna cewa tunkiya tana iya riƙe fuskokin wasu tumaki 50 fiye da shekara 2. Makiyayi ba zai yi mamakin wannan ba.

A bayanta akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, mai sirara-siraran layuka a jere. Ita ke daidaita motsi da tsayuwa. Ɗan akuyan da ke tafiya a kan katanga ba ya faɗuwa, aikinta ne. Ƙarama ce a ido, amma a jikin mutum, cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwa, wajen biliyan 69 a cikinta suke.

Riƙe babbar da hannu ɗaya, ka danna ƙaramar ƙasa a hankali har tsakaninsu ya buɗe. Za ka ga tuddai huɗu. Biyun sama manya ne, su ke juya ido da kai zuwa ga abin da ya gifta. Biyun ƙasa na ji ne. Dabbar da ake farauta tana bukatar ta waiwaya kafin ta yi tunani, shi ya sa na saman suka cika haka. A gabansu, daidai tsakiya, akwai ɗan ƙullutu guda, finiyal, mai sakin sinadarin melatonin da dare. A ƙasashen da tsawon yini ke canzawa sosai tsakanin rani da hunturu, shi ke gaya wa tumaki lokacin barbara.

Yanzu kifa ta, cikinta ya kalli sama. Can gaba ga ƙullutan ƙanshi biyu, kowanne da faffaɗar farar hanya da ta nufi baya. Ka sa yara su gwada girmansu da na hoton ƙwaƙwalwar mutum da ke littafinsu, inda suke 'yan firit. Tunkiya da hanci take tantance ɗanta jim kaɗan bayan haihuwa, da hanci take ƙin ɗan wata. Bayansu ga fararen igiyoyi biyu masu kauri sun haɗu sun gicciye. Jijiyoyin gani ne. A tunkiya mafi yawan zaren kowane ido yana tsallakawa ɗaya ɓangaren, domin idanunta a gefe suke, kowanne da abin da yake kallo. A mutum, mai idanu a gaba, kusan rabi ne ke tsallakawa. Bayan gicciyen akwai ɗan tsinken da fituwitari ke rataye a jiki. Ci gaba baya za ka hau wani tudu a gicciye, gadar da ke haɗa ɓangarorin ƙaramar ƙwaƙwalwa da sauran sassa, sannan kututturen ƙwaƙwalwa, wato gindinta, ya sirance ya zama laka. Wannan yanki na ƙarshe shi ke riƙe da numfashi da bugun zuciya da haɗiya. Jijiyoyin da ke fita daga ƙwaƙwalwa kai tsaye guda 12 ne a kowane gefe. In yara suka samo biyar ko shida a karon farko, sun yi ƙoƙari.

Kafin ka wuce, nuna musu cewa lakar tunkiya baya ta miƙe, a layi ɗaya da ƙwaƙwalwa, domin dabbar a kan ƙafa huɗu take. Ta mutum ƙasa ta lanƙwasa, ramin ƙeyarsa ma a ƙarƙashin kai yake.

Tsagawa

Mayar da ita daidai. Jiƙa doguwar wuƙar da ruwa, ka sa ta cikin tsagar tsakiya, ka ɗan buɗa ɓangarorin da yatsu. A ƙasan tsagar za ka hango farin abu. Daga nan ka ja wuƙar sau ɗaya, daga gaba zuwa baya, har ta raba ƙaramar ƙwaƙwalwa da kututture biyu. Kada ka yi ta kai da komo kamar mai zarto.

Kwantar da rabi ɗaya, yankakken gefen a sama. Farin nan mai lanƙwasa kamar baka shi ne babbar gadar da ke haɗa dama da hagu, miliyoyin zaren jijiya ne a dunƙule. A ƙarƙashinta akwai siririn labule, in ka huda shi da tsinke za ka shiga wani kogo. Akwai irin waɗannan koguna huɗu a ƙwaƙwalwa, haɗe da juna, cike da ruwa garau wanda ke zagayawa har cikin laka, yana kare ta daga bugu. In hanyar ruwan ta toshe a jariri, kansa ya yi ta girma. Ƙasa kaɗan ga wani da'ira mai launin toka, talamus, mashigar da kusan duk saƙon gani da ji da taɓawa ke bi kafin ya hau sama. Ƙanshi ne kaɗai ke da hanyarsa ta dabam. Ƙarƙashin talamus, saman gicciyen gani, ga hifotalamus, ɗan wuri ne amma shi ke kula da ƙishi da yunwa da zafin jiki. Shi ne wanda ragar nan ta ƙasan ƙoƙo ke sanyaya wa jini, ka haɗa wa yara biyun a nan.

Sannan ka duba yankakkiyar ƙaramar ƙwaƙwalwa. Farin cikinta ya yi rassa, kowane reshe da toka-toka kewaye da shi. A nan yara kan yi shiru su matso. Ba su lokaci su zana abin da idonsu ya gani, a rufe littafi.

Ƙwaƙwalwa ta biyu, ko ɗaya rabin, ka yanka ta a gicciye, kauri santimita ɗaya-ɗaya, ka jera yankan a faranti daga gaba zuwa baya. Kowane yanka zai nuna toka-toka a baki, kaurin milimita kaɗan, fari a ciki. Toka-tokan nan ne mazaunin ƙwayoyin jijiya, farin kuwa zarensu ne da wani kitse ya naɗe don saƙo ya yi sauri. A yankan da suka wuce tsakiya, ka nemi wani naɗaɗɗen abu a gefen kogon ruwa, ya lanƙwasa ƙasa. Shi ne hifokamfus, mai ajiye sabon abin da aka koya da taswirar wuri. Garken da ke komawa gida da yamma ba mai kora, da shi yake gane hanya.

In ka tarar da jakar ruwa

Wani lokaci kana tsagawa sai ka ci karo da wata jaka mai siririn bango, cike da ruwa, da fararen ɗigo-ɗigo a manne cikinta, girmanta kan kai santimita 5, ta danne naman da ke kewaye. Wannan ɗiyar wata tsila ce da ke zaune a hanjin kare. Kare ya yi kashi a makiyaya, tunkiya ko akuya ta ci ƙwan tare da ciyawa, tsutsar ta bi jini ta hau ƙwaƙwalwa. Dabbar sai ta fara ware kanta daga garke, ta karkatar da kai, ta riƙa zagaye wuri ɗaya, yawanci zuwa gefen da jakar take, wani lokaci idon ɗaya gefen ya daina gani. Ka tuna dama ke kula da hagu, ga shi nan a fili. In aka yanka ta aka jefa wa kare kan, kowane ɗigo fari zai iya zama sabuwar tsila a cikinsa, cutar ta koma makiyaya. Maganin yana hannun masu kiwo da mahauta: kada a ba kare ɗanyen kai, a riƙa ba karnukan garke maganin tsutsa. In ka samu irin wannan, kada ka fasa jakar, ka sa ta a alkol, ka sanar da ma'aikacin dabbobi na yankinku.

Kaza da kifi a gefe

Darasin yana cika ne in aka jera wasu dabbobi kusa da tunkiya. Kan kaza almakashi kaɗai yake bukata, ƙashin siriri ne. Ƙwaƙwalwarta giram 3 zuwa 4 ce, samanta sumul babu lanƙwasa, babu babbar gadar tsakiya. Ƙullutan ƙanshinta ƙanana ne ƙwarai, amma a gefe da gefe ga wasu manyan ƙwallaye biyu sun bullo. Su ne takwarorin tuddan gani na tunkiya. Kaza da ido take tsintar tsaba, da ido take hango shirwa. Sumul ɗin kuma kada ya ruɗi kowa: binciken da aka buga a 2016 ya nuna ƙwayoyin jijiyar tsuntsaye a cushe suke fiye da na dabbobi masu shayarwa, aku da dangin hankaka ma suna da yawan da ya kai na wasu birai.

Daga bakin Binuwai ko Logon ka samo karfasa da tarwaɗa ɗanyu. Ka aske saman kai da wuƙa kaɗan-kaɗan, daga bayan idanu, har ƙwaƙwalwar ta bayyana cikin ɗan kitse. Ƙashin tarwaɗa yana da tauri, sai da ƙaramin zarto. A karfasa, mai kiwo da ido, ƙwallayen gani biyu ne suka fi fitowa. A tarwaɗa, mai ƙananan idanu da ke laluben abinci cikin laka da duhu, na gani sun ragu, sai ga wasu tuddai sun kumbura can baya a kututture, inda saƙon ɗanɗano daga gashin bakinta da fatarta ke sauka. In masunta suka kamo maka kifin nan mai dogon baki da ke fitar da 'yar wutar lantarki don gane hanya cikin ruwa mai duhu, ka buɗe shi ma. Ƙaramar ƙwaƙwalwarsa ta girma har ta lulluɓe sauran sassan duka. An auna wani nau'insa a 1996, aka ga ƙwaƙwalwar tana cin kusan kashi 60 cikin 100 na iskar da jikinsa ke amfani da ita, alhali ta mutum kusan kashi 20 take ci. Ka rufe sunayen, ka jera faranti huɗu, ka tambayi yara wace dabba ce ke rayuwa da hanci, wace da ido, wace da ɗanɗano, kowa ya nuna dalilinsa da tsinke.

Bayan an tashi, duk abin da aka taɓa a darasin ya haramta ga tukunya, ko da firiza kaɗai ya shiga, balle wanda ya sha alkol ko formol. A tattara nama da ƙashi da safar hannu a ƙona, ko a binne a rami mai zurfi a danne da duwatsu yadda kare ba zai tona ba. Ragowar formol a bar shi cikin robarsa a rufe don wani karon, kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya. Zarto da wuƙaƙe da faranti a wanke da sabulu, a jiƙa su minti 10 cikin ruwan jabel, a shanya, a ajiye su dabam da kayan girki. Kowa ya wanke hannu har gwiwar hannu kafin ya fita.